Janet Abarshi da Gaurakarta

Duk wanda ya san layin 'yan hatsi a kasuwar Sabon Gari ya san Janet Abarshi, wadda ake kira Maman Othniel. Ita ce gajeriyar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama tsakanin buhunan dawa da na masara, tana korar awaki da murfin kwano. Matar yayana ce, marigayi Mordecai. Ni ce ƙanwarsa Hephzibah, ɗinki nake yi, kuma gida ɗaya muke zaune a Muciya tun ranar da aka kawo ta. Ina kiranta matarmu, tana kirana mai bakin reza, kuma ban san ranar da ta wuce ba mu tsokani juna ba.

A wani ƙauye can bayan Bomo aka haife ta, gidan manoma. Kakanta ya rasu yana bin al'adar iyayensa, ubanta ne ya fara zuwa coci. A bayan gonarsu akwai fadama, kuma tana yarinya, da damina ta kankama sai gauraki su sauka a wurin garke guda. In kai ɗan yanzu ne da wuya ka taɓa ganin gauraka sai a hoto. Tsuntsuwa ce doguwa, baƙa, mai farin fiffike, kumatunta fari da ja, ga wani tukku ruwan ƙwai a kanta kamar sabuwar tsintsiya. Janet ta ce a lokacin ba wanda ya ɗauke su bakin komai, har jifansu yara suke yi in sun shiga gero.

Da aka kawo ta gidanmu amarya, ba ƙaramin fama aka yi da ita ba. Ba don ba ta son yayana ba, ita ta zaɓe shi da kanta a wani taron matasan coci. Kewar gida ce kawai. Yau a ce ta tafi ɗebo ruwa, sai a same ta a ƙauye. Zuwanta na ƙarshe, uwarta ko ruwa ba ta ba ta ba. Ta kama hannunta ta rako ta har bakin titi, ta ce mata, “Gidanki yana can, ba nan ba.” Ita kuma tsohuwar ba ta taka Muciya ba sai da aka haifi Othniel, ta zo barka da ƙwaryar gari a kai. Janet ta daɗe tana jin haushin abin, ta sha ba ni labarin tana tsaki.

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko busasshen kifi daga wajen Gashuwa. Wata rana ya dawo da kwando, a ciki ga 'yar gauraka an ɗaure mata ƙafafu, girmanta bai wuce na zakara ba. Ya ce a bakin hanya ya gan ta hannun wani maharbi, tausayi ya kama shi. Na ce, “Yaya, mutane suna kawo wa matansu atamfa, kai ka kawo tsuntsu?” Janet ko kallona ba ta yi ba. Ta kwance ƙafafun ta shafa musu man kaɗanya, ta jiƙa gero ta ba ta. Ita ta sa mata suna Doguwa.

Gaskiya ni da Doguwa ba mu taɓa shiri ba. Ta sha tsince mini maɓallai, ta sha bin masu kawo ɗinki da sara har bakin ƙofa. Amma ita da Janet, sai wanda ya gani. Kowace safiya Janet za ta fito da tasar dawa, ta tafa hannu tana rera waƙar zumuntar matan coci, sai Doguwa ta buɗe fukafukai, ta sunkuyar da kai, ta yi tsalle, ta ɗauki kara ta wurga sama. Yaran unguwa har leƙe suke yi ta katanga. Mordecai ne yake rage mata gashin fiffike don kada ta tashi, da ciwon suga ya ɗauke shi sai Janet ta ci gaba da almakashina. Othniel ya gama karatu ya samu aiki a Kaduna. Ɗakin Janet ya rage daga ita sai tsuntsuwar da ke kwana a bakin ƙofarta.

Abu ɗaya ne ba ya yi mata daɗi. Duk damina Doguwa sai ta tara ciyawa a bayan randa, ta yi ƙwai, ta kwanta a kai. To ina namiji? Haka za ta yi ta kwanci, ta rame, har ƙwan ya yi wari Janet ta faki idonta ta kwashe. In ta zubar ta dawo, ranar ba ta cin abincin kirki.

Sannan ga masu zuwa taya. Mutum zai yi sallama da fara'a, a gaisa, ya ce a sayar masa, wai kan gauraka da tukkunta ake haɗa wani magani. Janet takan ce, “Je ka nemi kan kakarka.” Wata Lahadi muna sujada a coci wani ya haura katanga da buhu tsakar rana. Maƙwabciyarmu Oluoma ce ta ji kukan Doguwa ta yi kururuwa, ya gudu ya bar takalmi ɗaya. Muka dawo muka tarar da gashi a warwatse a tsakar gida, Doguwa tana ɗingishi. Daga ranar Janet ta koma kulle ta a ɗakin girki duk sa'ad da za ta kasuwa, tsuntsuwa mai tsawon nan a cikin ɗakin da ni kaina sai na sunkuya.

A nan Japhet ya shigo labarin. Mutumin Zonkwa ne, magidanci mai sanyin magana, yana aiki a wani ɗan gidan namun daji da ke gefen Samaru ta hanyar Bomo. A wurin Janet yake sayen dawa da dusa. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce, “Mama, mu ma muna da gauraka, namiji, shi kaɗai. A motar masu safarar tsuntsaye aka ƙwato shi. Da za ki ba mu taki mu haɗa su.”

Janet ta ce, “In kai ta kurkuku yara su riƙa jifanta da bawon rake?”

Ya ce, “Ki zo ki gani tukuna, Mama.”

Tare muka je. Wurin ba wani babba ba ne. Akwai gada, akwai kunkuru manya, akwai birai da aka karɓo daga hannun masu wasa da su, har ungulu na gani, na ce ikon Allah, yau ungulu ce ake ba abinci a kwano. Japhet ya ce ai ita ma ta kusa ƙarewa. Ɗaliban wata firamare suna zagayawa da malamarsu, ba mai jifa. Can ƙarshe, inda ba a barin 'yan kallo, an kewaye wani fili da waya, da ɗan tafki da doguwar ciyawa. Namijin yana tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Japhet ya tambaye ta, “Mama, rabonki da ganin gauraka a daji?”

Ta yi ɗan tunani. Fadamar ƙauyensu dai yanzu bulo ne da ɗakunan hayar ɗalibai. Ta ce, “Tun kafin a haifi Othniel.”

Ya ce, “To haka yake kusan ko'ina. An cinye fadamu, an kwashe 'ya'yan an sayar, kowace tana gidan wani ita kaɗai tana ƙwan banza. Mu ba don kallo kawai muke ajiye su ba. Iri muke ɓoyewa. Ke mai hatsi ce, kin san komai yunwa ba a cin iri. In suka hayayyafa a nan, 'ya'yan ne ake fatan mayarwa inda ruwa da ciyawa suka rage.”

Maganar iri ce ta kama Janet. Amma sai da ta gindaya sharaɗi, likitar dabbobin wurin kuma ta yarda, don ita ma ta ce ba amfanin riƙe tsuntsuwar da ke kewa. Za a gwada damina biyu. In Doguwa ta karɓi namijin, ta zauna ke nan. In ta ƙi, a mayar wa Janet abarta. Japhet ya ce akwai fata, tunda ba daga ƙwai aka ɗauko ta ba, ta san iyayenta kafin a kama ta. Aka sa Doguwa a fili na kusa da na namijin, waya a tsakani, don su saba da ganin juna.

To fa! Daga nan matarmu ta buɗe sabuwar sana'a. La'asar na yi za ta rufe buhunanta, ta hau bas ta Kwangila har Samaru, ta hau acaɓa, riƙe da tasar dawa da ƙullin fara. A ganinta abin da ya kamata take yi. Wa zai kai nasa wani wuri ya ƙi leƙa shi? Ko makarantar kwana ai ana ziyara. Doguwa tana jin muryarta tun daga ƙofa za ta rugo bakin waya, a tafa, a yi rawa. Shi kuwa namijin, bawan Allah, zai yi tsallensa ya wurga kararsa, ko waiwaye ba ya samu. Ko da aka cire wayar tsakani, in ya matso sai ta kai masa sara.

Japhet yana gani, amma kara ta hana shi magana. Yaya zai ce wa sa'ar uwarsa kada ta zo? Sai ya yi ta kewaye-kewaye: “Mama, hanya da nisa, kina wahala.” Ita kuma ta ce, “Ba komai, ɗana, ƙafata ƙalau.” Daminar farko Doguwa ta yi sheƙarta a daidai bakin waya inda Janet ke tsayawa, ta yi ƙwai, ƙwan ya tashi fanko kamar na bayan randa.

Ni ya samu a wajen ɗinkina ya faɗa wa gaskiya. Ya ce, “Anti, muddin tana ganin Mama kullum, ba za ta kalli ɗan'uwanta ba. A wurinta Mama ce tata. Saura damina ɗaya, in an sake haka sai dai mu dawo da ita.”

Na yi niyyar in lallaɓa ta, Allah ya sani. Amma da na shiga gida sai na tarar da Janet tana gyaran kusurwar Doguwa. Ta share, ta sa an ƙara bulo a kan katanga, tana aikin tana waƙa. Rabon da in ga fuskarta a sake haka tun yayana yana da rai. Nan raina ya ɓaci.

Na ce, “Matarmu, ashe kin san abin da kike yi.”

Ta ce, “Me na yi kuma, mai bakin reza?”

Na ce, “Kin kai 'ya ɗakinta, kin bi ta kin tare a bakin ƙofa! Wace uwa ce take zarya gidan 'yarta kullum da tasa a hannu? So kike ta ƙi zama a dawo miki da ita ɗakin girki, ta ci gaba da kwanci a kan ruɓaɓɓen ƙwai har ta mutu. Ke da Innarki ta yi miki irin wannan son, da yanzu kina bayan Bomo, da ba Othniel.”

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta ce, “Hephzibah, ni kike gaya wa haka?” Ba ta kiran sunana sai abu ya kai maƙura. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Kwanaki muka yi ko gaisuwa sai da ƙyar, a coci ma ta canza benci. Na ji zafi, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar da Japhet ya zo sayen dawa, a gabana ta tsare shi, don na je kasuwa sayen zare. Ta ce, “Ɗana, ka dubi Allah ka faɗa mini. Zuwana ne yake hana ta?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Shi ne, Mama.”

Ta auna masa dawarsa, ta ɗebi wata daban mai kyau ta ƙulle a leda. Ta ce, “Wannan tata ce. Ba zan ƙara zuwa ba. In ta ƙyanƙyashe ka zo ka faɗa mini.”

Faɗi a baki ba wuya. Satin farko Japhet ya kawo labari Doguwa ta ƙi cin abinci, tana tsaye a bakin waya tana ta kuka, kukan nan nata mai kama da ƙaho. Janet ta ɗaura ɗankwali ta nufi tasha. Na bi ta a baya. Ta shiga bas ɗin Samaru ta zauna, tasa a cinya, kwandasta yana ta kiran fasinja. Ta san sarai in ta je yau, ta je gobe, ƙarshen damina abarta za ta dawo gida, kuma ba mai ganin laifinta. Saura mutum ɗaya mota ta cika sai ta ce, “Dakata, zan sauka.” Kwandasta ya yi ta masifa, ba ta tanka masa ba. Muka dawo gida a ƙafa, a hanya ta ce, “Yau na san abin da Inna ta ji.”

Rani ya wuce a haka. La'asar ta zama mata lokaci mai nauyi, sai ta riƙa kai wa magariba a kasuwa ko ba ciniki. Duk zuwan Japhet tambayarta ɗaya ce: “Tana ci?” Ya ce tana ci. Daga baya ya ce gashin fiffikenta ya fito, ta daina tsayawa a bakin waya. Da ruwa ya sauka ya ce an ga su biyun suna kiwo gefe da gefe. Wata rana ya zo yana murmushi ya ce sun yi rawa tare, suna kuka murya ɗaya. Janet ta ce, “Madalla,” ta juya tana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da Japhet ya yi sallama a gidanmu da safe, ko zama bai yi ba. Ya ce, “Mama, albishirinki! Biyu ne, suna bin ta a baya.”

Wayyo, ku zo ku ga matarmu! Ta yi guɗa har Oluoma ta fito da ludayi a hannu. Ta ciro zanen zumuntarsu ta coci ta ɗaura, ta cika ƙwarya da dawa da gero, ta ɗora a kai. Na ce, “Ina zuwa haka?” Ta ce, “Barka mana. Ko ba a zuwa barka a garinku?”

Japhet ya gargaɗe mu tun a ƙofa. Ya ce daga nesa za mu tsaya, ba a son 'ya'yan su saba da mutane, in ba haka ba ranar da aka sake su za su nufi hannun maharbi da ƙafarsu. Ya ce in sun girma lafiya akwai shirin kai su wata fadama da ake tsaro can arewa maso gabas, amma bai yi alkawari ba, don ba kowane ɗan tsuntsu ne yake kai labari ba.

Muka hango su a bakin tafki. Namijin yana tsaye yana gadi, Doguwa tana tsinto ƙwari tana miƙa wa wasu 'yan mitsi-mitsi masu launin ƙasa. Ta yi kyau, ta yi sheƙi, ban taɓa ganinta haka a gidanmu ba. Janet ta sauke ƙwarya. Ban san lokacin da ta matsa bakin waya ba, Japhet kuma ya kasa hana ta. Ta tafa hannu a hankali, ta fara waƙar nan tasu ta safe.

Doguwa ta ɗaga kai ta dube ta. Ta tako, ta buɗe fukafukai, har na ce a raina rawa za ta yi. Ina! Sai ta miƙe wuya ta yi wani huci, ta rugo ta kai wa wayar sara daidai hannun Janet. Ta tsaya tsakaninta da 'ya'yan, fukafukai a buɗe, har sai da Janet ta ja da baya. Sannan ta juya ta kora 'ya'yanta cikin ciyawa.

Japhet ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Mama, ki yi haƙuri, haka suke in suna da 'ya'ya, ba wai...”

Janet ta ce, “Haƙurin me? Ai da ta zo wurina da na ji haushi. Ta yi gida.” Ta miƙa masa ƙwaryar ta ce a riƙa jiƙa geron kafin a ba ta. Ta yi wa likita godiya, ta gaisa da masu shara, ta fito tana tafiyarta kamar ta gama cin kasuwa.

Sai da bas ta bar Samaru sannan ta ja bakin ɗankwali ta rufe fuska. Ta yi kuka har Kwangila, ta yi har Sabon Gari, kafaɗunta suna rawa, fasinjoji suna tambayata ko rasuwa aka yi. Na ce musu a'a, haihuwa ce. Da muka isa gida ta ɗauki tasar Doguwa ta wanke ta tas, ta miƙo mini ta ce in riƙa zuba maɓallaina a ciki, yanzu ba mai tsince su. Na karɓa. Bakina cike yake da tsokana, amma ranar ko ɗaya ban iya furtawa ba.